TSORON HADARI DA GUGUWA: INA IYAKARSA A MUSULUNCI?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai kora gizagizai zuwa inda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan wani ciwo ne wanda ba a cika kai shi asibiti ba, ba a kuma cika tambayar malamai hukuncinsa ba, domin mai shi kunya yake ji. Watau matsanancin tsoron hadari da iska da tsawa. Duk wanda ya zauna ƙasar Wurno ya san yadda bazara take ƙarewa. Da la'asar sakaliya sai gari ya yi tsit, zafi ya dami kowa, gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga wajen Goronyo har ya zuwa wajen Raba, sa'an nan jar ƙura ta taso kamar ganuwa. Manomi yana murna, yara suna ihu a dandali, amma a cikin gidajen nan akwai bayin Allah da a wannan sa'a gabansu ke faɗuwa, jikinsu na rawa, zufa na keto musu. Akwai matar da ba ta iya cin abinci tun da hantsi in ta ga gajimare. Akwai magidancin da ba ya runtsawa daren ruwa, yana sauraren kwanon ɗakinsa. Ni kaina a cikin aji nakan ga ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa a nahawu, da an yi cida sau ɗaya sai allo da littafi su gagare shi.

Abin da akan ce wa irin waɗannan mutane shi ne ba su da tauhidi, ko kuwa raggaye ne. Wannan magana kuskure ce, kuma ƙara musu ciwo take yi, gama bayan tsoron iska sai su ɗauki tsoro na biyu, watau zaton imaninsu ya gurɓace.

Mu fara da Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa idan ya ga hadari ya haɗu ko iska ta taso, akan ga alamar haka a fuskarsa. Ya shiga ya fita, ya kai ya komo. In ruwa ya sauka kuwa sai abin ya yaye masa. Da ta tambaye shi dalili, alhali mutane murna suke yi da ganin hadari, sai ya nuna mata cewa ba shi da tabbacin babu azaba a ciki, ya kuma tuna mata mutanen Adawa, waɗanda suka hangi gajimare ya doso kwaruruwansu suka ɗauka ruwa ne, ashe iskar halaka ce. Labarin yana cikin Suratul Ahƙafi, aya ta 24, kuma Suratul Haƙƙati ta faɗi tsawon kwanakin da iskar ta yi a kansu: dare 7 da wuni 8. To, wa zai ce ya fi Annabi tauhidi? Haka kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, aminci ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa ranar da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu, Allah bai zarge shi ba, sai ma ya kwantar masa da hankali. Saboda haka malamai suka ce tsoron ɗabi'a, irin wanda ɗan Adam ke yi wa zaki da wuta da ruwa mai ci, ba laifi ba ne, ba kuwa raunin imani ba ne. Suratur Ra'adi, aya ta 12, ta ce ana nuna mana walƙiya ne domin tsoro da kuma kwaɗayi. Wanda ya halicci walƙiyar shi ya halicci tsoron.

Amma fa a duba hadisin Nana A'isha da kyau, domin a cikinsa ne maganin yake. Tsoron Annabi yana da wanda ake yi dominsa, shi ne Allah, ba iskar kanta ba. Yana da aikin da yake sa shi, shi ne addu'a. Yana kuma da lokacin ƙarewa, shi ne saukar ɗigon farko. Ba a ruwaito cewa ya kwana bakwai yana fargabar hadarin da bai zo ba. Imam Gazali a cikin Ihya'u, babin tsoro da fata, ya kamanta tsoro da bulala wadda ake kora bawa da ita zuwa aiki, ya kuma kasa shi uku: gajere, da matsakaici, da wanda ya wuce kima. Na ukun nan shi ne ya zarga, domin yana kai mutum ga yanke ƙauna da rashin lafiya da gushewar hankali. Bulalar da ta karya ƙafar jaki ai ba ta kai kaya kasuwa ba. Ma'aunin ke nan: tsoron da ya tashe ka ka ɗaure jinka, ka shigo da yara, ka ambaci Allah, mai kyau ne, wanda ya zaunar da kai a lungu ka kasa ko salla, shi ne ciwo, shi ake nema wa magani.

Mafi yawan masu wannan ciwo, in ka zauna da su, za ka tarar abin da ke cin ransu shi ne zaton kowane hadari fushin Allah ne ya nufo su saboda wani zunubi da suka sani. A nan akwai abin da masu nazarin Larabcin Alƙur'ani suka lura da shi. Kalmar iska in ta zo a jam'i, watau "riyah", galibi rahama ce, mai bushara da ruwa, mai yi wa itatuwa barbara. In ta zo tilo, watau "rih", galibi azaba ce, sai fa wurare kaɗan kamar Suratu Yunusa aya ta 22, inda aka siffanta ta da daɗi. Guguwa mai juyawa tana tashi sama kamar ginshiƙi kuwa sunanta "i'isar", ta zo a Suratul Baƙara aya ta 266. Iska dai runduna ce, tana zuwa da wannan tana zuwa da wancan. Ita ce ta halaka Adawa, ita ce kuma ta tumɓuke hemomin Ƙuraishawa ta kife tukwanensu a Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, Musulmi suka tsira. Don haka Annabi ya hana zagin ta. Daɗin daɗawa, Muslimu ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi ya roƙi Ubangijinsa kada ya halaka al'ummarsa da fari, kada kuma ya halaka ta da nutsewa, aka amsa masa. Malamai suka ce ana nufin halaka ta gaba ɗaya irin ta mutanen farko. Suratul Anfali aya ta 33 kuma ta sanya istigfari ya zama aminci daga azaba. Wanda ya san zunubinsa ai ƙofar tuba ya kamata ya nufa, ba ƙarƙashin gado ba.

Wanda kuma iska ta yi ajalinsa, ba mu da ikon cewa azaba ce ta same shi. Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, iska mai ƙarfi da ruwa suka kayar da wata ƙatuwar na'urar ɗaga kayan gini a cikin Masallacin Harami a Makka, mutum fiye da 100 suka rasu, har da alhazan Nijeriya. Baƙin Allah ne, a ɗakin Allah, ana saura kwanaki kaɗan a hau Arfa. Wa zai buɗe baki ya ce fushi aka yi da su? Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslimu ya lissafa wanda gini ya faɗa wa da wanda ya nutse a ruwa cikin shahidai.

A nan ya wajaba in taɓo wasu al'adu namu da ke hura wutar wannan tsoro tun yaro yana goye. Mukan gaya wa yara cewa aljanu ne ke tafiya cikin guguwa, wanda ta ratsa ta kansa zai haukace. Mukan ce wane ya iya tura wa ɓarawo tsawa. Mukan rantse da aradu da kwarankwatsa, alhali Annabi ya ce mai rantsuwa ya rantse da Allah ko ya yi shiru. Ba mu musun samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma babu aya ko ingantaccen hadisin da ya ce guguwar rani dokinsu ce, kuma babu wani boka da aka danƙa wa linzamin tsawa. Aya ta 13 ta Suratur Ra'adi ta bar aika ta a hannun Allah shi kaɗai. Mafi muni duka shi ne abin da ake faɗi a wasu garuruwa, wai wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an nemo nono an zuba. Wannan magana tana iya kashe mutumin da bai mutu ba. Likitoci sun tabbatar jikin wanda tsawa ta buga ba ya riƙe wuta ko kaɗan, kuma yawancin waɗanda take bugu suna rayuwa. Abin da ke kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi. A kama shi nan take, in ba ya numfashi a danna ƙirjinsa a kai a kai, a garzaya da shi asibiti.

To, mene ne hadari a ilmin masu binciken sararin sama? Sanin abu yana rage rabin tsoronsa. A watannin Afrilu da Mayu ƙasarmu takan yi zafi ya haura digiri 40. A lokacin ne iska mai laima daga teku, ta kudu maso yamma, ke kutsowa arewa ta haɗu da busasshiyar iskar hamada. Iska mai zafi ta yi sama da laimar, gizagizai su taru su yi tsiri. Da ruwa ya fara zuba daga cikinsu sai ya sanyaya iskar da ke ƙarƙashi, ta faɗo ƙasa da nauyi, ta bazu a gaban hadarin tana share ƙurar gonakin da ba a riga an shuka ba. Jar ganuwar nan da muke hange ke nan. Hadarin ƙasarmu galibi daga gabas yake tafiya zuwa yamma, kuma mafi tsananin iskarsa a farkonsa yake, yawanci ba ya kai rabin sa'a, daga nan sai ruwa. Mai tsoro ya riƙe wannan: abin da yake jin kamar ba zai ƙare ba yana da agogo.

Ita kuwa tsawa, walƙiya ce ke ƙona iskar da ta ratsa, iskar ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar ce muke ji. Wannan bai saɓa wa abin da ya zo a tafsiri na mala'ikan da aka wakilta wa gizagizai ba. Wancan bayanin mai umurni ne, wannan bayanin sababi ne. Haske yana isowa nan take, amma ƙara tana cin kamar daƙiƙa 3 kafin ta yi kilomita ɗaya. Saboda haka tsawar da kunnenka ya ji, walƙiyarta ta riga ta sauka wani wuri, ba a kanka ba. In ka ga walƙiya ka ƙirga a hankali har zuwa 15 kafin ka ji cida, to tana nesa da kai da misalin kilomita 5. Na ga wannan ƙirge ya yi wa yara amfani ƙwarai, domin yana mai da su daga masu jiran duka zuwa masu awo. Amma duk wanda ke jin tsawa yana kusa da isa a same shi, don haka ya nemi ɗaki, kada kuma ya koma fili sai an yi rabin sa'a da jin ta ƙarshe.

Akwai wani sabon tsoro da wayar hannu ta kawo wa samarinmu. Suna kallon hotunan mahaukaciyar guguwar nan ta ƙasar Amurka, mai saukowa daga gajimare kamar hancin giwa tana ɗaukar motoci, sai su ɗauka kowace ƙura da ta murɗa a bakin kasuwa ita ce. Gaskiya ne abin tsoro ce. Amurka takan ga fiye da 1,000 a shekara, mafi yawa a tsakiyar ƙasar, kuma wadda ta faɗa wa garin Joplin ranar 22 ga Mayu 2011 ta kashe mutum fiye da 150. Wadda ta fi kowacce kisa a tarihi a Bangladash aka yi ta, ranar 26 ga Afrilu 1989, inda aka ƙiyasta mutum 1,300. Amma irin wannan tana bukatar haɗuwar iskoki da ba safai ake samu a ƙasashenmu ba. Guguwar da muka sani, mai tashi da azahar cikin rani sama tana garau, daga zafin ƙasa take tasowa, ta kwashi ledoji da karmami, wani lokaci ta yaye jinka, cikin 'yan mintoci ta mutu. Sunan ne ɗaya a bakinmu. Wanda ya san zuciyarsa ba ta ɗauka, ya bar kallon hotunan nan, musamman da dare.

Ba ina cewa babu abin tsoro a hadarinmu ba. Iskar da ta faɗa wa garin Bauchi a watan Yuni 2018, ana cikin bikin ƙaramar salla, ta kashe mutane ta kuma yaye rufin gidaje masu yawa. Mu kuma a nan ba mu manta da Satumba ta 2010 ba, sa'ad da madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ta cika ta batse, Gulbin Rima ya malale garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno har Sakkwato, ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya kwana a kan tudu da 'ya'yansa yana kallon rumbunsa na narkewa, in yau ya ji cida hanjinsa ya kaɗa, ai ba abin dariya ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Sai dai abin da ke kashe mutane a hadarinmu sananne ne, kuma mafi yawansa yana da rigakafi: kwanon rufi da iska ta fizge, tsohuwar katangar da ta sha ruwa, reshen dogon yaro da ya bushe, wayar lantarki da ta faɗo, da tsawa a kan wanda ya fake gindin itace guda a fili ko yake cikin fadama ko kwalekwale. Nan ne ya kamata a kai tsoron ya yi aiki. Tun watan Maris a duba ƙusoshin kwano, a sauya katakon da gara ta ci, a yi yaɓe, a share indararo da magudana, a sare mataccen reshe. A san ɗakin da ya fi ƙwari a gidan, a gaya wa kowa nan ne mahaɗa. Masunta da masu fito da makiyaya da masu aikin albasa da shinkafa a fadama su baro wurin tun gabas tana haɗa rai, kada su jira iska. Wannan ba ya warware tawakkali. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Garin nan namu ma shaida ne: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a nan a 1837 kuma nan kabarinsa yake, ribaɗi ya kafa Wurno domin tsaron Sakkwato, bai ce tun da Allah ne mai tsaro a bar iyaka a buɗe ba. Sauraron hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, a rediyo shi ma sababi ne, ba da'awar sanin gaibu ba ne, kamar yadda malamanmu ke lissafin damina da taurari, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, ba tare da sun ce tauraro ne ke ba da ruwa ba. A saurara sau ɗaya a rana, ya isa.

In iskar ta taso kuwa, sunna ta ba harshe aikin yi. A Sahihu Muslim, Annabi yakan roƙi Allah alherin iskar da alherin abin da ke cikinta da alherin abin da aka aiko ta da shi, ya kuma nemi tsari daga sharrin waɗannan uku. Dubi yadda aka gabatar da alheri a kan sharri; mai karanta addu'ar nan yana koya wa zuciyarsa fata kafin tsoro. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubairu in ya ji tsawa yakan bar zance ya yi tasbihi ga wanda tsawa da mala'iku ke yi wa tasbihi. In ruwa ya yi yawa har ana tsoron ɓarna, akwai addu'ar da Annabi ya yi a kan mumbari bayan Madina ta sha ruwan mako guda, ya roƙi a mai da shi kewayen gari, kan tuddai da kwaruruwa da matsirar itatuwa. A nemi lafazinsu wurin malamin unguwa a hardace tun da rani, domin sa'ad da jiki ke rawa ba lokacin koyon sabon karatu ba ne. A karanta su a hankali, a ja numfashi ta hanci a sake shi sannu sannu tsakanin jumla da jumla. Likitoci sun ce jinkirta numfashi yana saukar da bugun zuciya. Kada a bar mai tsoro shi kaɗai a ɗaki. Uwa kuma ta san fuskarta 'ya'yanta ke kallo, ba sama ba.

Kada kuma wani ya matsa wa kansa da fita masallaci cikin iska wai don kada a ce ya ji tsoro. Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska, ya ƙara da umurnin a yi salla a masauki, ya ce haka Annabi yake sa ladani ya yi a daren sanyi da ruwa. Muhtasar na Shaihu Halil ya lissafa ruwa mai ƙarfi da taɓo mai yawa da iska mai tsanani da dare cikin uzurorin barin jam'i.

Saura wanda ya yi duk wannan amma abin bai sake shi ba: damina duka ba barci, ya daina zuwa gona ko makaranta, ko mafarkin ambaliya yana dawo masa shekara da shekaru. Wannan ya je asibiti, ba gidan boka ba, kuma ba hauka ba ne. A jiharmu akwai Asibitin Tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hanyar da masana suka fi yarda da ita ita ce sabawa kaɗan kaɗan: a fara da zancen hadari, sa'an nan sauraren ƙararsa a waya da rana tsaka, sa'an nan zama bakin ƙofa lokacin yayyafi tare da wanda aka amince da shi, har jiki ya gane ba kowace cida ke da ɓarna ba. Neman magani umurnin Annabi ne, kuma shi kansa Sarkin Musulmi Bello ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Miji ya kai matarsa, uba ya kai ɗansa, tun kafin hadarin farko ya haɗu.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwa bisa mazhabar Imam Malik.